Ƙurar Hunturu da Amanar Numfashi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore mana iska muna shaƙa dare da rana ba tare da mun biya ko dala ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, kowace shekara idan kaka ta wuce aka shigar da hatsi rumbu, hunturu yakan sauko mana daga arewa maso gabas, ya zauna tun daga Nuwamba har wajen Maris. Hazo yakan rufe Damagaram da Maraɗi da Tawa da Yamai, har a dubi rana da tsakar hantsi ido bai ji komai ba. Leɓe ya tsage, yara su yi ta haɓo, tari ya cika sahun asuba har ya nemi danne karatun liman. A irin waɗannan ranaku ne muke ganin wasu daga cikinmu sun fito da takunkumi a hanci da baki, muna kuma jin abin da ake faɗa a bayansu. Wani ya ce ai korona ta wuce tuntuni. Wani ya ce iyayi ne na 'yan boko. Wanda ya fi kowa zafin baki ya ce wannan tsoron mutuwa ne da ƙarancin tawakkali, wai abin da Allah ya rubuta ƙyalle ba ya tare shi.

Maganar tana kama da wasa, amma tana da nauyi. Akwai dattijo mai ciwon fuka da ɗansa ya saya wa takunkumi, yana barinsa a aljihu domin gudun bakin majalisa. Akwai ɗan kabu-kabu da yake yini cikin ƙura fuska a sake domin kada abokan aiki su kira shi rago. Saboda haka muka ga ya dace mu tsaya mu yi wa kanmu tambaya cikin natsuwa: wanda ya rufe hancinsa ranar da iska ta ɓaci, ya rage wani abu ne daga dogaronsa ga Allah, ko kuwa amanar da aka ba shi yake tsarewa?

Abin da yake cikin ƙurar

Malamai sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi. To mu fara da sanin ƙurar. Kaso mai yawa na hazon da yake rufe mu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wurin da a zamanin da can yake ƙarƙashin ruwan babban tafkin Chadi kafin ya janye. Ruwan ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta ƙara ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Masana sun lissafa wannan kwari a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kuma wani ɓangare nata yakan ƙetare tekun Atlantika har ya sauka a Kudancin Amurka. Mu da muke bakin ƙofa, mu ne muke fara shan ta.

Ƙura iri-iri ce. Mai kauri, wadda muke ji tana ƙas-ƙas a haƙori, gashin hanci da majina sukan tare mafi yawanta. Mai haɗarin ita ce wadda ido ba ya gani, wadda likitoci suke kira PM2.5, wato ƙwayoyin da sai an jera kimanin 30 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Irin wannan tana wuce maƙogwaro ta isa ƙarshen huhu, mafi ƙanƙantarta ma tana iya ratsawa cikin jini. Ita ce take tayar da fuka, ta tsananta ciwon huhu ga yara, ta ƙara wa mai ciwon zuciya da mai hawan jini nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2021, ta ce bai kamata wannan ƙura ta wuce ma'auni 15 ba a matsakaicin yini guda, alhali ranar da hazo ya yi kauri a Sahel akan ninka wannan sau da yawa. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa gurɓatar iska, ta waje da ta cikin gida, tana jawo mutuwar mutane kusan miliyan 7 a duniya kowace shekara.

Akwai kuma sanƙarau, wanda ba sai an gabatar da shi ga mutumin Nijar ba. Ƙasarmu tana tsakiyar yankin da cutar ta fi addaba, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. An daɗe da lura cewa annobarsa tana tashi ne da rani, lokacin ƙura da bushewar iska, ta kwanta idan damina ta sauka. Bayanin da likitoci suke bayarwa shi ne, ƙura da busasshiyar iska suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar da take zaune a can ba ta cutar da kowa sai ta sami hanyar shiga jini. Hausawa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A annobar 1996 zuwa 1997 mutane sama da 250,000 suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu. A 2015 ma sama da mutum 8,000 suka kamu a Nijar, har aka rufe makarantun Yamai na wasu kwanaki. Wanda ya ga waɗannan shekaru ba zai kira ƙurar rani abin wasa ba.

Tawakkali da riƙon sababi

Mu koma ga babbar hujjar masu zargi. Gaskiya ne ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma babu mai cutarwa ko amfanarwa sai da izinin Allah. Wannan aƙidarmu ce, ba mu da ja a kanta. Sai dai mu tambayi mai wannan hujja: da dare kana kulle ƙofarka? Kana ɗaure akuyarka? Ranar sanyi kana hura wuta, kana lulluɓe 'ya'yanka da bargo? Idan bargo bai warware tawakkali ba, ta yaya ƙyallen da aka ɗora a hanci zai warware shi? Sanyi halittar Allah ne, ƙura ma halittarsa ce, haka ulun da aka saƙa bargon da shi da zaren da aka yi takunkumin. Wanda ya aiko da wannan shi ne ya hore wancan.

Babu wanda ya kai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dogaro ga Ubangiji. Amma da zai yi hijira ya yi shiri, ya ɗauki ɗan jagora da ya san hanya, ya ɓuya a kogon Sauru kwana 3. Ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, an ruwaito cewa sulke biyu ya haɗa ya sa. Kuma sananne ne cewa da wani mutum ya tambaye shi ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, sai ya umarce shi da ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara.

A zamanin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya nufi Sham, da ya isa Sargu labarin annoba ya riske shi. Ya yi shawara da sahabbai, sannan ya yanke komawa Madina. Abu Ubaida, Allah ya ƙara masa yarda, ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar take, ya kawo masa misalin makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk gefen da ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Imam Malik ya kawo wannan labari a Muwaɗɗa. Haka al'amarin yake a gare mu. Wanda ya shaƙi ƙura da ƙaddara ya shaƙa, wanda ya tace ta da ƙaddara ya tace, kuma an ba kowannensu hankali domin ya zaɓa.

Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi aikin gaɓɓai, kowanne da mazauninsa. Inda haɗari yake shi ne mutum ya ɗauka takunkumin ne da kansa yake raya shi. Wanda ya sa shi alhali zuciyarsa ta san cewa Allah ne Mai tsarewa, ya haɗa biyun yadda magabata suka haɗa. Sannan mu tuna cewa jiki ba mallakarmu ba ne da za mu yi yadda muka ga dama da shi. Ajiya ce, kuma za a tambaye mu yadda muka tafiyar da ita. Tsare rai yana cikin manyan abubuwa biyar da malamai suka ce shari'a ta zo domin kiyaye su. Huhun da muke jan numfashin karatun Alƙur'ani da shi, wanda ladan yake kiran salla da shi, yana cikin wannan ajiya.

Kakanni da kunya

Hujja ta biyu ita ce, wai kakanninmu sun rayu cikin wannan ƙura ba su san takunkumi ba. Mu dubi kakannin da kyau. Rawani da amawali na mene ne? Buzayen da suke kora ayarin gishiri zuwa Fashi da Bilma, suna ratsa Tenere, fuska a rufe suke tafiya sai idanu. Mata masu sussuka da sheƙa sun saba jan gefen mayafi su rufe hanci, uwaye kuma sun saba shafa wa yara man kaɗe a ƙofar hanci idan hunturu ya tsananta. Rufe baki da hanci saboda ƙura tsohuwar hikimar ƙasar nan ce, har ta zama alamar girma a fuskar sarki da malami. Abin mamaki ne a girmama amawali a fada, a yi wa jikansa dariya a kasuwa.

Kuma iskar da kakanni suka shaƙa ba ita muke shaƙa ba. A 1960 mutanen Yamai ba su kai 50,000 ba, a ƙidayar 2012 sun haura miliyan 1. Hazon Bodele yanzu yana sauka ne a kan hayaƙin tsofaffin motoci da babura da injunan wuta, da na bolar da ake ƙonawa cike da leda. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Mun san kuma cewa sunan kansa yana da nasa laifi. Kafin 2020, idan aka ce takunkumi abin da yake zuwa zuciyar Bahaushe shi ne wanda ake ɗaura wa dabba a baki, ko wanda manyan ƙasashe suke ƙaƙaba wa ƙanana. Sannan ya shigo mana a shekarar korona tare da rufe masallatai da dokar hana fita, abubuwan da suka bar ɗaci a zukata masu yawa. Wanda ya ƙi shi saboda wannan tarihi muna fahimtar inda ya fito. Amma ƙura ba ta san siyasa ba, ta riga korona zuwa ƙasar nan da dubban shekaru, kuma korona ta lafa ta bar ta. Bai kamata fushin da aka yi da wata doka ya sa mutum ya hukunta huhunsa ba.

Kunya kuwa reshe ce ta imani idan ta hana mutum aikata abin ƙi. Wadda take hana shi kare lafiyarsa saboda tsoron dariya rauni ce da ta ari sunan kunya. Nauyi mafi girma yana kan mai yin dariyar. An hana mu yi wa juna izgili, kuma ba mu san abin da yake ƙirjin ɗan'uwanmu ba. Watakila fuka gare shi. Watakila tarin da yake fama da shi ne ba ya son ya raba wa jama'a, wato mu ɗin yake karewa. Idan kalmarmu ta sa ya cire, daren ya same shi yana kokawa da numfashi, muna da kaso a cikin wannan wahala.

Iyakar abin da takunkumi yake iyawa

Gaskiya ta wajabta mu faɗi inda amfaninsa ya tsaya, domin kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Rawani da mayafi da takunkumin yadi suna tare ƙura mai kauri, amma mai laushin nan mafi yawanta tana ratsa su. Shuɗin nan na asibiti ya ɗan fi, sai dai yana barin kafa ta gefe. Waɗanda aka yi domin tace ƙananan ƙwayoyi su ne masu alamar N95 ko FFP2, waɗanda suke tare kashi 94 zuwa 95 cikin 100 idan sun zauna daram a fuska. Mai cikar gemu ya sani cewa iska tana samun hanya ta tsakanin gashi, tacewar tana raguwa, ko da yake ragaggen kariya ya fi babu. Wanda ya jiƙe ko ya yi dauɗa a sauya shi, na yadi a wanke shi. Ba a sa wa jariri ko yaron da bai kai shekara 2 ba, kariyarsa ita ce a bar shi a ɗaki ranar da hazo ya yi kauri. Takunkumi ba ya tare iskar guba da take fita daga gawayi ko injin wuta a rufaffen ɗaki. Ba ya kuma maye gurbin allurar sanƙarau, wadda tun da aka fara ta a Nijar a 2010 ta karya lagon nau'in da ya fi yi mana ɓarna a da.

Akan tambaya game da salla, musamman ranar Juma'a da sahu yake fita har kan titi, ko a filin idi. Malaman mazhabarmu sun karhanta rufe baki a cikin salla ba tare da dalili ba, kuma ƙa'ida ce sananniya a wurinsu cewa karhanci yana faɗuwa idan buƙata ta tabbata. Mai larura ya yi sallarsa da shi, sallarsa ta inganta. Game da azumi kuwa, Shaihu Halil ya ambata a Muhtasar cewa ƙurar hanya da ta shiga maƙogwaro ba ta wajabta ramuwa. Wannan rangwame ne ga abin da ba a iya kauce masa, ba shaida ba ce cewa ƙurar ba ta cutarwa.

Hayaƙin da hannu ya tayar

Da za mu tsaya a nan da mun faɗi rabin magana. Ƙurar Bodele ba mu da iko a kanta, sai haƙuri da kariya. Amma akwai wadda hannun ɗan Adam yake tayarwa, kuma a kanta akwai hisabi. Wanda ya cinna wa bola wuta da magariba, hayaƙin leda ya kwanta a unguwa har cikin ɗakin mai jego, da izinin wa ya yi? Mai babbaka da tsohuwar taya fa, da mai motar da take tafe tana turnuƙe kasuwa, da mai injin da ya juya bututun hayaƙinsa zuwa tagar maƙwabci? Ƙa'idar shari'a ce cewa ba a cutarwa, kuma cuta gusar da ita ake yi. Idan kawar da ƙaya daga hanya sadaka ne, sai mu auna matsayin wanda ya zuba guba a iskar da dukan masu bin hanyar suke shaƙa. Wanda ya zuba ƙazanta a rijiyar gari kowa zai tsine masa, alhali ana iya yini ba a sha ruwa ba, numfashi kuwa ba ya jiran ko minti biyar. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da leda maras kauri da sayar da ita a Nijar, amma kowa yana ganin abin da yake rataye a ƙayoyin bayan gari.

Wasu ƙasashe sun koyi wannan darasi da tsada. A Disamban 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe birnin Landan na Ingila kwana 5. An fara ƙiyasta mutuwar mutum 4,000, daga baya bincike ya kai adadin kusan 12,000. Mutane sun ɗaura ƙyalle a fuska, amma abin da ya gyara iskar birnin shi ne dokar 1956 da ta taƙaita ƙona kwal. Mu ma muna da namu misali a gida. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonaki maimakon sare su, har aka ƙiyasta farfaɗo da kimanin eka-eka miliyan 5 na ma'aunin hekta da itatuwa kusan miliyan 200. Itace ba ya tare hazon da ya taso daga Chadi, amma yana karya ƙarfin iska, yana riƙe ƙasar gona kada ta tashi ta shiga idon mai ita.

Sannan mu dubi waɗanda suka fi kowa shan ƙura, za mu ga su ne suka fi kowa rashin abin saye: mai sharar titi, ɗan ga-ruwa, mai turin kura, yarinya mai talla, almajirin da yake yawo da kwano tun sanyin asuba. Mai hali yana rufe gilashin mota ya wuce. Idan mun yarda cewa tsare numfashi amana ce, to ba za ta tsaya a hancinmu kaɗai ba. Kwamitin masallaci da yake tara kuɗin tabarma da lasifika zai iya ajiye kwalin takunkumi a bakin ƙofa domin tsofaffi da masu fuka. Malamin tsangaya zai iya jinkirta fitar ƙananan almajirai ranar da gari ya rufe. Mai gida zai iya ɗage aiken yaro zuwa lokacin da iska ta lafa, a kuma yayyafa ruwa kafin a yi shara. Mai unguwa da liman za su iya haɗa baki a daina ƙona bola a tsakiyar gidaje. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake jiran taimakon wata ƙasa.

Ya ku 'yan'uwa, amsar tambayarmu ta fito. Wanda ya rufe hancinsa ranar ƙura ya ɗaure raƙumarsa ne, tawakkalinsa yana nan inda yake. Wanda bai rufe ba, ba mu ce ya yi saɓo ba, sai dai idan likita ya gargaɗe shi ya ƙi ji, to ya sake tunani a kan ajiyar da ke hannunsa. Mai izgili ya kama bakinsa, mai tayar da hayaƙi kuma ya ji tsoron ranar da maƙwabtansa za su nemi haƙƙinsu. Muna roƙon limamai su taɓo wannan magana a huɗuba tun kafin hunturu ya kankama, domin kalma ɗaya daga mumbari takan cire wa dattijo nauyin da nasihar ɗansa ta kasa cirewa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda annoba ta ɗauke mana, ya tsare yaranmu da tsofaffinmu, ya sa mu cika da imani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.